Kowa Likita Ne Ran Da Jikin Yaro Ya Yi Zafi

Ba a ɓoye zazzaɓin yaro a unguwanninmu na Haɗejiya. Ko uwa ta so ta yi shiru, katanga ba za ta yi ba. Yaron da jiya ya hana kowa sakat, ya kifar da kwanon gari, ya bi 'yan tsaki da muciya, ya tsoma takalmin babansa a randa, yau an wayi gari ya yi lamo a bayan uwarsa, ko ƙosai aka miƙa masa sai ya kau da kai; to kafin hantsi ya dubi ludayi labari ya tsallaka gida uku, kafin azahar ƙofar ɗaki ta cika da takalma, kuma duk mai takalmi a wurin da maganinta ta zo.

Awon farko da bayan hannu ake yi. Kowace ta shigo, ko mayafi ba ta sauke ba, sai ta ɗora hannu a goshi, ta sauko wuya, ta ɗaga riga ta taɓa ciki, sannan ta yanke hukunci. Wadda ta taso daga bakin murhu ta ce, "Haba, ai wannan ɗan ɗumi ne." Wadda ta tsame hannu daga wanke-wanke ta ce, "Innalillahi, zafi zau, ku kuna zaune?" Yaro ɗaya, jiki ɗaya, kuma kowace gaskiyar hannunta ta faɗa. Ma'aunin zafin jiki, ɗan abin nan da ake saƙalawa a hammata, bai kai kuɗin kazar da za a yanka wa baƙo ba, kuma shi ba ruwansa da murhu ko wanke-wanke: in ya nuna 38 ko sama da haka, zazzaɓi ne, magana ta ƙare. Amma ka zaga layinmu kaf, za ka samu waya a kowane ɗaki, wani ɗakin ma biyu, ka rasa ma'auni ko ɗaya, don mu hannun Gwaggo muka fi yarda da shi.

Daga awo sai raɗa wa ciwo suna, nan kuma ake yin ta. Inna, kakar yaro, tun daga kan tabarmarta ta riga ta gama bincike: haƙori ne. A wurin Inna, daga wata shida har yaro ya shiga makarantar allo, duk abin da ya same shi haƙori ne. Gudawa haƙori, amai haƙori, zazzaɓi haƙori, in ka ce mata ai haƙoran nan ashirin sun gama fitowa sai ta ce turame ne ke motsi. Gwaggo ta leƙa idonsa ta ce shawara ce ke son kama shi. Maƙwabciya ta rage murya ta ce ita dai tun ranar bikin nan da aka yi ta yaba ƙibarsa ba wanda ya ce tubarkalla, hankalinta bai kwanta ba. Wata ta ce da magariba ta gan shi yana wasa a gindin tsamiya. Wata ta tambaya ko ya ci sabuwar masara, aka ce ya ci, ta tafa hannu ta ce shi ke nan. Ita masara baiwar Allah laifinta ɗaya, tare take zuwa da sauro; watan da take nuna a gona shi ne watan da ruwa ya kwanta ko'ina, to da yake ita ake gani a hannun yaro, ita ake kamawa. Sauron da muka kwana muna tafi dominsa, wanda ya bar wa yaron nan tabo a ƙafa da kumatu, shi ne na ƙarshe da za a ambata, in ma an ambace shi. Haƙori kuwa abin da yake yi sananne ne: dalalar miyau, ƙaiƙayin dasashi, rigima, jiki ya ɗan yi ɗumi. Zafin da zai kwantar da yaro ya hana shi nono da wasa ba aikinsa ba ne, a nemi mai laifi a wani wuri, ruwa ba ya tsami banza.

Kar wani ya ɗauka rashin so ne ya kawo wannan. So ne ya yi yawa har ya rasa wurin zama. Dubi Innar nan dai, ita ce za ta karɓe shi ta rungume tana zolaya, "Haba angona, tashi mana, kai da za ka ba ni kuɗin cefane ka kwanta?" muryarta na wasa, idonta ya kawo ruwa. In mace ce ta ce, "Kishiya, ashe raguwa ce ke, ɗan wannan zazzaɓin?" Uwar fa? In ɗan fari ne, tana can bakin murhu tana hura wutar da ta riga ta kama, don kunya ba ta bar ta ta zauna kusa da shi a gaban surukai ba, sunansa ma ba ta faɗa, sai "yaron nan". Ita ce ta kwana ba ta runtsa ba, ita ta san sau nawa ya yi amai, ta san tun jiya bai jiƙa wando ba, ta san kukansa ya canza, amma ita ce ta ƙarshe da za a tambaya, ko an tambaye ta ma sai ta sunkuyar da kai ta ce da sauƙi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa sai mu bar mai ɗakin a waje mu yi shawara da 'yan leƙe.

Tarbiyya ce mai kyau, ba a so a ji bawa yana ƙorafi, shi ya sa ana "Ya mai jiki?" muna "Da sauƙi," tun safe har dare, ko da yaron ya langaɓe. Inda abin ke cutar da mu shi ne in mun shiga da shi ɗakin malamar asibiti. Ta ce, "Maman yaro, tun yaushe?" mu ce jiya-jiyan nan ne, alhali yau kwana huɗu, don kar a yi mana faɗa. Ta ce, "An ba shi wani abu a gida?" mu ce ko kusa, ga shi kuwa yaro na ƙamshin tazargade, harshensa jawur da ruwan maganin kemis. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malamar nan da abin da muka faɗa mata take aiki. In ba ta san an riga an ba shi farasitamol sau biyu ba, za ta ƙara masa na uku da zuciya ɗaya.

Sai batun sutura. Jikin yaro na ci da wuta, mu kuma mu zaƙulo rigar sanyin da aka saya don hunturu, mu sa masa hula da safa, mu naɗe shi da zani biyu, mu rufe taga, mu saki labule, wai kar iska ta shige shi. Dalilinmu ba na banza ba ne, mun ga yana rawar ɗari, wa zai ga ɗansa na karkarwa ya ƙi rufe shi? A rufa masa zani marar nauyi har karkarwar ta wuce, wannan daidai ne. Amma in ta wuce, zafin nan hanyar fita yake nema, kuma ta fata yake fita. A bar shi da 'yar shimi, a buɗe taga, a yi masa fifita. A cikin Bukhari da Muslim akwai hadisin da ya yi umarni da sanyaya zazzaɓi da ruwa, duk mun ji shi a wurin karatu, sai dai wajen aiki da shi mun rabu gida biyu: masu cewa ruwa ba zai taɓa shi ba sai ya warke, da masu kamfato na randa mai sanyi ƙarara su sheƙa masa har ya shiɗe. Tsakiyar ita ce ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan tsumma, a goga goshi da wuya da hammata a hankali. Jiki zai lafa, yaro ya samu barci, amma abin da ya kawo zafin yana nan bai je ko'ina ba. 'Yan sirace ma suna nan da tukunyarsu, ganyen maina, na mangwaro, na gwaba, ɓawon lemon tsami, a tafasa a lulluɓa bargo. Babba ya yi, ya haɗa gumi, ya ce ya ji daɗin jikinsa, ba mai hana shi. Amma ɗan shekara biyu da ba ya zama wuri ɗaya, a haɗa shi da tafasasshen ruwa cikin duhun bargo, ana iya fita neman maganin zazzaɓi a dawo da ƙuna.

'Yan dubiya ba sa zuwa hannu rabbana. Wannan ta kawo lemon zaƙi, waccan Maltina, wata biskit, wata ta aiko da farfesun tarwaɗa mai yajin da ko babba sai ya share hawaye. Mai jiki ya kalle su ya juya baya, yayyensa kuwa su yi ta zarya suna yi masa sannu, idonsu na kan leda, kafin la'asar an rasa inda biskit ya shiga. In an ga dai ya ƙi komai, sai a tuna da ɗura: a kwantar da shi a cinya, a danne hannuwa, a toshe hanci, a kwarara kunu. Duk an yi mana, duk mun rayu, shi ya sa muke ganin ba laifi. Amma yaron da ke kuka yana fizge-fizge, kunun na iya bin hanyar iska ya sauka a huhu, a wayi gari ana fama da limoniya a kan zazzaɓi, ana wata ga wata. Abin da jikinsa ke nema ba shi da wuya: ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, don zafi na ƙone ruwan jiki, nono in ba a yaye shi ba, ko sau nawa ya nema, kunu da cokali, romon kifi marar yaji, in da gudawa a haɗa da ruwan gishiri da sukari. Cokali uku yanzu, uku an jima, sun fi kofi guda da za a ɗura ya dawo da shi.

Yanzu a zo ga kwalla. Kowace uwa a garin nan tana da kwalla ko tsohon gwangwanin madara a saman kabet, inda tarihin duk zazzaɓin da aka yi a gidan yake kwance: ragowar ruwan maganin wan yaron tun waccan daminar, rabin katin ƙwaya da rubutunsa ya goge, da wata kwalba da ba wanda ya san ta mece ce, an dai san ta yi wa ɗan maƙwabta aiki. Zubarwa asara ce, ai kuɗi aka sa. Ɗan murfin awo da ya zo da kwalbar tuni ya zama tukunyar wasan yara, sai a auna da cokalin da hannu ya kai gare shi, yau na shayi, gobe na cin shinkafa. Farasitamol magani ne na kirki, yana sauke zafi yana rage raɗaɗi, amma da nauyin yaro ake auna shi, ana barin aƙalla awa huɗu zuwa shida tsakani, kuma ba a wuce sau huɗu a yini da kwana. Mu fa? Uwa ta ba shi da safe ta shiga wanka, Inna ta taɓa ta ji har yanzu da zafi ta ƙara masa, abokiyar zama ta kawo nata don nuna kara, kwalba daban, sunan kamfani daban, abin da ke ciki ɗaya, hantar yaro ce ke ɗaukar nauyin wannan zumuncin. Asfirin kuwa ba a ba wa yara shi sam. Duk wanda ya isa tunawa ya tuna ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, lokacin da wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin, da sinadari mai guba ya shiga cikinsa, ya lalata ƙodar yara a Legas da Ibadan har da Zariya, aka rasa aƙalla 84, hukumar NAFDAC ta janye shi daga kasuwa. Iyayen nan ba sakaci suka yi ba, an ce musu haƙori ne, suka tashi neman maganin haƙori.

In kwalla ta gaza sai kemis. Ba mai jikin ake kaiwa ba, yayarsa 'yar shekara takwas ake miƙa wa kuɗi a ce, "Ki ce a ba ki na zazzaɓi, na yaro, na ɗari biyar." Mu ba da adadin da zai warkar muke sayen magani ba, da adadin da ke ƙullin zani muke saye, shi kuma mai kemis ɗanmu ne, ya san in ya ce a'a za a wuce na gaba, sai ya yanko biyu nan uku can, fari da ja da ruwan ɗorawa, ya ƙulle a leda. In maigida ne ya je da kansa, ba ya ganin an yi aiki sai an yi allura. In aka ɗaura ƙarin ruwa kuwa an gama masa komai, har a majalisa zai ba da labari. Sunan ciwon ma a haɗe muke karɓar sa, maleriya da taifot, ba a kawo ɗaya a bar ɗaya. Alhali ga gwajin nan da bai fi a ɗan soki yatsa a ɗiga jini a kan ɗan farin abu ba, minti 15 zuwa 20 ya nuna: layi biyu akwai, layi ɗaya babu. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwadawa kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, don ba kowane zafin jiki ne na sauro ba. Akwai mura, akwai ciwon kunne da na maƙogwaro, akwai na mafitsara, akwai ƙyanda da limoniya, in bazara ce akwai sanƙarau. Amma ran da gwajin ya ce babu, sai mu ɓata rai mu ce abin nasu ne ya lalace, mu biya ta kemis mu sayi abin da muka riga muka ƙudura tun daga gida.

Ran da ya ce akwai kuma, sabon babi ne. Tun 2005 Najeriya ta sauke kulorakwin daga matsayin maganin farko, saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa, amma har gobe akwai mai tambayar sa, yana cewa shi ne na gaske tunda yana sa ƙaiƙayi. Wanda aka fi bayarwa yanzu haɗin magani biyu ne, sha shida, safe da yamma har kwana uku, a bi shi da nono ko abinci mai ɗan maiƙo don ya kama jiki. Tushen ɗayansu wani ganye ne na ƙasar Sin, dangin tazargade, kuma matar da ta jagoranci tace shi, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. Ka gaya wa Inna wannan ka ga gyaran zama: "To me nake gaya muku?" Tana da rabon gaskiyarta, Allah ya sa magani a ganye, sai dai wancan an tace shi an auna shi daidai da nauyin yaro, jiƙon kwano kuwa ba wanda ya san ƙarfinsa, yau tsululu gobe kamar ya yanke harshe. Mu dai namu halin shi ne, da an sha biyu ko uku yaro ya miƙe ya koma ɓarna, sai a ce alhamdu lillahi, sauran su tafi kwalla su jira ƙaninsa. Ƙwayoyin da suka rage a jini ba su san an yi hamdala ba, bayan mako ɗaya ko biyu su dawo, mu ce maganin bature ba ya kashewa, kwantarwa yake yi.

Akwai wata dabarar zazzaɓin sauro da ta daɗe tana raba mana lambar yabo. Ƙwayar cutar tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ne ta hayayyafa, in ta cika ta fasa su ta fito; lokacin fashewar nan ake rawar ɗari da zafi, can kuma gumi ya karyo, jiki ya yi sanyi, yaro har ya nemi tuwo. To duk wadda maganinta ya zo daidai da karyowar gumin, ita ce gwana a ranar. In jiƙon Gwaggo ne, Gwaggo ta ci; in man shafawar maƙwabciya ne, za a yi wata ana labarinsa. Da yamma zafi ya dawo, a ce sabo ne. Tofi da addu'a da rubutu ba mai raba mu da su, kuma malaman da ke yi mana su ne ke cewa a nemi magani, tashi in taimake ka. Matsalar ita ce kwanakin da ake ci ana jiran a ga na wa zai yi aiki, jinin yaro na ƙarewa a ɓoye. A buɗe tafin hannunsa, a ja fatar idonsa ta ƙasa a duba. In sun yi fari fat, maganar ta wuce tsakar gida. Kuma Allah ya gani, ran da aka ce ana neman mai ba da jini, a ranar kowa ke tuna bai karya kumallo ba.

Ba ƙaramin abu muke wasa da shi ba. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya a Najeriya suke, kuma mafi yawan waɗanda yake kashewa a Afirka yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Mu kuma a bakin ruwa muka yi gida. Kogin nan da ke gangarowa daga ƙasar Kano, bayan madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, in ya iso wajenmu ba ya sauri, shimfiɗewa yake yi ta Auyo, Haɗejiya, Kirikasamma, Guri har Nguru, ya cika fadamu da dausayin Baturiya inda tsuntsaye ke zuwa hutun hunturu tun daga Turai. Kachalla ta toshe hanyoyinsa, ya kwanta inda bai saba kwanciya ba. Ruwan da ke ba mu shinkafa da karfasa shi ne ke renon sauro, ba mu isa mu zaɓi ɗaya mu kori ɗaya ba. Sai aka raba mana gidan sauro, mu kuwa masu hikima ne, ba mu bar shi ya zauna banza ba: ya rufe renon tattasai, ya killace 'yan tsaki, ya zama ragar ƙwallon yara, ya shiga ruwa ya kamo 'yan kifi, ya lulluɓe banda kar ƙuda ya taɓa. Kifi na barci a cikin gidan sauro, mai gidan kifin da ɗansa suna waje a kan tabarma. Sabon kuma yana cikin ledarsa a ƙasan akwati, sai in baƙo ya zo. In ka tambaya a ce zafi yake sawa, a fesa fiya-fiya a rufe ɗaki a shigar da yaro ya kwana yana shaƙa.

Haka muke yi da masu rabon maganin damina. Tun 2012 aka amince da wannan rigakafi ga ƙasashen Sahel irin namu, inda ciwon ke taruwa a 'yan watanni: yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata, daga Yuli zuwa Oktoba. Ga su nan gida-gida da jakunkunansu, 'ya'yanmu ne, mun san iyayensu. Na ranar farko a gabansu ake sha, wannan ba gardama; na rana ta biyu da ta uku da ake bar wa uwa, shi ne wani a sha, wani a manta, wani a ajiye "sai ya yi zazzaɓi", alhali amfaninsa duk a hana zazzaɓin zuwa ne. Rigakafi ya fi magani, kowa ya haddace, har a bayan mota muke rubuta shi.

Inda raha ke tsayawa shi ne taune-taune. Duk wanda ya taɓa gani ba ya so ya sake: yaro ya sandare, ido ya juye, hannu da ƙafa na fizga, kumfa a baki, uwa ta manta da kunyar ɗan fari ta kwarma ihu ta kira sunansa. Nan take hannu goma ya sauka a kansa. Wata ta cusa cokali tsakanin haƙora, wata ta matsa albasa a ido, wani ya ɗaga shi sama yana jijjigawa, wata ta kawo manja za ta ɗura, wata ta ce a kara ƙafarsa a wuta, a turara masa hayaƙi. Duk don ceto ne, kuma duk suna ƙara masa wahala: cokali na karya haƙori ya yanka dasashi, abin da aka ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu yake tafiya, ƙunar ƙafa kuwa ta fi ciwon daɗewa. Abin yi kaɗan ne, wuyarsa dai a danne zuciya: a kwantar da shi a ƙasa ta gefensa don miyau ya zubo, a kwance masa kaya, kar a sa masa komai a baki, kar a danne shi, mutum ɗaya ya fita neman babur tun ba a gama ba. Zafi kaɗai kan jawo wannan ga yara daga wata shida zuwa shekara biyar, mafi yawa ya wuce cikin 'yan mintoci ba tare da ya bar illa ba. Amma a ƙasar sauro ba mai iya rarrabe wannan da zazzaɓin da ya hau ƙwaƙwalwa ko sanƙarau da ido, don haka ko ya farfaɗo ya nemi ruwa, asibiti za a nufa a ranar. Haka in ya kasa shan nono ko ruwa, in duk abin da ya sha ya dawo, in barci ya yi masa nauyi ana tashin sa ba ya tashi, in wuya ya ƙage, in numfashi na sauri haƙarƙari na lotsawa; ɗan shekara ɗaya zuwa biyar da ke ja 40 ko fiye a minti ɗaya yana kwance shiru, ƙirjinsa na neman taimako. Jinjirin da bai kai wata uku ba kuwa, da jikinsa ya yi zafi ba a kwana da shi a gida.

To a nan ne fa ake neman maigida, maigida kuma yana fadama tun asuba yana korar jan-baki daga shinkafa, waya a aljihun rigar da ya rataye a bukka. Uwa ta ga alama tun hantsi, amma ba ta fita sai da izini, Inna ta ce a jira ubansa, kuɗin ma suna wurinsa; ya dawo bayan magariba a gajiye ya ce Allah ya kai mu safiya. Wanda ke cikin gari, Babban Asibitin Haɗejiya na kusa da shi, adaidaita ɗaya ne. Wanda ke ƙauyukan Guri ko Kirikasamma a watan Agusta da Satumba, tsakaninsa da malamin asibiti akwai ruwa, akwai jiran mai fito, akwai babur a ƙetare in an dace. A ambaliyar 2020 da ta 2022 mun ga yadda hanyoyi suka yanke, kwalekwale ya zama motar kowa. Zazzaɓin sauro kuwa kan iya juyewa ya yi tsanani ga ƙaramin yaro cikin yini da kwana. Abin mamaki, mu ne mutanen da suka fi kowa sanin jinga: da an ga kogi ya fara cika, samari sun fito da buhuna da shebur, a kwana ana cika ƙasa, ba wanda ke cewa a bari ta ɓalle tukuna. Zazzaɓin yaro ma haka yake, tun yana tsattsafe ake tare shi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka maganata ga maza ce, mu da muke cewa harkar yara ta mata ce har sai ta kai ga ɗaukar gawa. Malam, kafin ka saɓa fartanya gobe da asuba, ka ajiye kuɗin babur da na fito a inda uwar 'ya'yanka ta sani, ka ba ta izinin fita asibiti tun yanzu, a gaban Inna, da bakinka, don kar a tsaya neman ka ran da jikin yaro ya yi zafi.